Tarar gudun wuce kima: naira 3,000 ce ko 50,000, kuma yaushe direba ke rasa lasin?

Tun da gwamnatin Legas ta sanar da kafa kyamarorin auna gudu a farkon shekarar 2025, wata magana ke yawo a tashoshin mota da guruf-guruf na direbobi a WhatsApp, kuma duk bakin da ta bi sai an ƙara mata gishiri. Wai yanzu ko'ina a Najeriya, da zarar kyamara ta ɗauki lambar motarka, tarar naira 50,000 ta hau kanka, an kuma soke maka lasin ba tare da ka ga alƙali ba. Sai ga wata ta biyo bayanta, kishiyar ta farko: wai kotu ta karɓe ikon 'yan rodi sefti gaba ɗaya, in sun ɗaga maka hannu ka taka totur ka wuce abinka. Kowacce a cikinsu tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa suka karɓu. Sai dai wanda ya hau ta farko fargabar banza ce za ta hana shi barci, wanda ya hau ta biyu kuwa yana iya kwana a hannun hukuma.

Tushen ruɗanin shi ne an cakuɗa dokoki biyu. Naira 50,000 ɗin nan ta jihar Legas ce. A watan Fabrairun 2025 ma'aikatar sufurin jihar ta bayyana cewa ta sa kyamarar auna gudu a hanyar Alapere zuwa Ogudu, inda iyakar gudu kilomita 80 ne a awa, da kuma titin Mobolaji Bank Anthony a Ikeja, inda iyakar 60 ce. Wanda ya zarce, tararsa 50,000, wanda ya tsallake jar danja a inda aka sa kyamara kuma 20,000, kuma ta saƙon waya ake sanar da mutum. Wannan doka ba ta biyo ka Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Amma in kana kai shanu ko tumatir ko fasinja Legas, da zarar tayarka ta taka jihar ta hau kanka kamar kowa.

Ta tarayya daban ce. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wato 'yan rodi sefti, wadda aka kafa a 1988, tana aiki ne da dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012. A jadawalin laifukan da ke tare da dokar 2007, gudun wuce kima tararsa naira 3,000 ce da maki 3 na laifi da ake rubutawa a kan lasin. In an ba ka takarda za ka ga haruffa uku, SLV, a layin laifin. Ƙa'idar ta shafi kowa da ke riƙe da sitiyari: mai motar gida, ɗan tasi, direban hayis, na tirela da na tanka, har mai babur.

Iyakar gudun ba ɗaya ba ce, kuma a nan mutane da yawa ke faɗawa. Ƙaramar motar gida tana da 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas suna da 50 da 80, amma a tagwayen hanya 90 ce tasu, ba 100 ba. Tirela da tanka kuwa 45 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwaye. Wato direban hayis da ke tafiya a kan 100 tsakanin Zariya da Kaduna, yana ganin ai bai ƙure maleji ba, ya riga ya zarce da 10. Haka kuma tagwayen hanya ba ta zama tagwaye a idon doka daga farko har ƙarshe ba tare da la'akari da inda ta ratsa ba. In ka iso wuri irin Kwanar Ɗangora ko Mararrabar Jos, masu talla na tsallakawa, yara na bin motoci da ruwan leda, 'yan kamasho na tsakiyar titi, hankali da ƙa'ida duka sun ce ka sauko. Mota a kan 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ƙafarka ta bar totur ta isa birki, ka riga ka wuce rumfuna da dama.

Yanzu ga abin da ya fi kuɗin muhimmanci, wanda kuma ba a cika maganarsa a tasha ba: maki. Kowane laifi a jadawalin yana da kuɗinsa da makinsa. Kuɗin ka biya ya wuce, makin kuwa a kan lambar lasinka ake rubuta shi, kamar littafin bashin mai shago, yana nan yana jiran na gaba. A tsarin hukumar, wanda ya tara maki 10 zuwa 14 gargaɗi ake yi masa. Daga 15 zuwa 20 a dakatar da lasin na wani lokaci. In ya kai 21 a janye shi. To ka ga gudu sau ɗaya, maki 3, bai kai ko rabin gargaɗi ba. Maganar cewa kamu ɗaya ke soke lasin ba ta da tushe a wannan lissafi.

Inda lasin ke shiga haɗari shi ne abin da ke biyo bayan tsayarwar. Ɗauki direban da aka tsayar don gudu, maki 3. Jami'i ya leƙo ya ga bai ɗaura bel ba, maki 2, naira 2,000. An hango shi da waya a kunne kafin ya tsaya, maki 4, naira 4,000. Ya zama 9, har yanzu bai shiga layin gargaɗi ba. Sai ya naɗe ɗari biyar a cikin fatikula ya miƙa yana cewa, "Yallaɓai, ga na ruwa, a yi haƙuri." In ya haɗu da wanda ba ya karɓa, yunƙurin ba jami'i cin hanci laifi ne mai zaman kansa a jadawalin, maki 10, naira 10,000. Daga 9 ya koma 19 a tsayuwa ɗaya, ya faɗa gidan dakatarwa. Haka cin zarafin jami'i a bakin aiki, maki 10. Haka lodin wuce kima, maki 10. Tuƙi da lasin da ya mutu ko babu shi sam, maki 10 da naira 10,000. In kuma aka ga gudun ya haɗa da ganganci, irin shiga tsakanin motoci ana zilliya ko guje wa jami'an da suka tsayar da kai, ana iya rubuta maka DGD maimakon SLV, wato tuƙin ganganci: maki 10, naira 50,000, kuma irin wannan ne ke kai mutum gaban alƙali. Saboda haka kafin ka sa hannu ko ka karɓi takarda, duba haruffan da aka rubuta. Tsakanin SLV da DGD akwai naira 47,000 da maki 7.

Takardar ita kanta ba hukunci ba ce, sanarwar tuhuma ce. Zaɓi biyu take ba ka. Ko ka biya tarar, wanda ke nufin ka yafe haƙƙinka na zuwa kotu, ko ka ce ba ka yarda ba a gurfanar da kai ka kare kanka, wani lokacin a kotun tafi-da-gidanka da ake zaunarwa a bakin hanya. Mafi yawan mutane biya suke yi, don wa zai bar aikin yini saboda dubu uku? Ba laifi ba ne, amma mutum ya sani ya amsa laifin ke nan, kuma makin bai tafi da kuɗin ba. Wanda yake da yaƙinin ba a yi masa daidai ba, kuma abincinsa a kan lasin yake, ya fi masa ya tambaya cikin ladabi a nuna masa abin da na'urar auna gudu ta karanta, ya riƙe wurin da lokacin a ransa ko a wayarsa, ya kai maganar inda ake sauraronta. Gardama a bakin titi, jama'a sun taru ana "a bar shi mana", ba ta taɓa goge layi ɗaya a takarda ba.

Biyan kuma ba a hannu ake yi ba. Kuɗin tarar FRSC asusun gwamnatin tarayya yake shiga, ta Remita ko ta banki, a ba ka shaidar biya. Da ita za ka je ofishin da aka rubuta a takardar, galibi a zaunar da kai ɗan wa'azin kiyaye hanya kafin a sallame ka. Ka ajiye rasit ɗin nan a cikin fatikula, kada ka jefar. In mota aka riƙe, bayan awa 24 kuɗin ajiya na fara hawa, naira 200 kowace rana. Game da saƙon waya irin na Legas, 'yan damfara ma sun iya rubuta shi. Duk saƙon da ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko ka latsa wata mahaɗa ka zuba lambobin katinka, ka bar shi sai ka tabbatar a wurin hukumar da aka ce ta aiko. Akwai kuma wani abu da masu sayar da mota ke sakaci da shi. Kyamara lamba take gani, ba fuska ba. Ka sayar da mota ba a canza sunan mai ita a takarda ba, wanda ya saya ya je ya yi tsere a Ikeja, kai saƙon zai nema.

Sai maganar kotu. Gaskiya ne a Oktoban 2024 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci, na Abuja ba su da ikon tsayar da mota su ƙwace ko su ci tara. Gaskiya ne kuma a Yulin 2025 kotun ɗaukaka ƙara a Owerri, a shari'ar wani abu da ya faru a Umuahia a 2020, ta ce ƙwace lasin da takardun direba da jami'an FRSC suka yi ba bisa ƙa'ida ba tauye haƙƙi ne, har ta ba shi diyyar naira miliyan 10. Hukuncin farko a kan VIO yake, ba FRSC ba, ba KAROTA ta Kano ba, ba hukumar Legas ba. Na biyun kuma magana yake a kan ƙwacewa da riƙewa. Babu ɗaya a cikinsu da ya ɗage iyakar gudu, ko ya hana a rubuta maka takarda a kai ka kotu. Mutumin da ya ci shari'ar Owerri ma ai tsayawa ya yi, ya bi ta hannun lauya shekara da shekaru. Bai taka totur ba.

Masu motocin haya suna da ƙarin nauyi. Tun 1 ga Fabrairun 2017 hukumar ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya, kuma rashin ta laifi ne daban, maki 3, naira 3,000. A nan akwai abin da bai yi mini daɗi ba: mai mota ne ya ƙi sayen na'urar, shi ne kuma ya yanka wa direba balas ɗin da ba ya fita sai an yi sawu biyu a yini, amma direban ne ke tsaye a gaban jami'i, lasinsa ne a hannu. Haka ita ma tarar. Naira 3,000 da aka rubuta a 2007 kuɗi ne a lokacin, yau 'yan litocin fetur kaɗan take saye, mai jif ba ya ko jin ta. Ta Legas kuma, 50,000 a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000, tana iya cinye ribar wata guda ta ɗan tasi. Ga hanyoyi da yawa da za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga allo ɗaya mai nuna iyakar gudu ba. Rashin allo ba ya wanke direba, tunda ƙa'idar na rubuce kuma an ɗauka duk mai lasin ya san ta, amma hukumar da ke son a bi doka ita ya kamata ta fara kafa allon kafin kyamara.

Duk wannan lissafin maki yana aiki ne a kan lasin na gaske. Wanda ya ba ɗan cuku-cuku kuɗi da hoto, bayan kwana biyu aka kawo masa kati har gida, ba a ɗauki hoton yatsunsa ba, bai je gwajin VIO ba, akwai yiwuwar katin ba ya cikin rumbun bayanan hukumar. Ranar da aka tsayar da shi don gudu aka buga lambar ba ta fito ba, maganar ta tashi daga maki 3 ta koma tuƙi ba lasin, da tambayar inda ya samo jabu. Lasin na gaske ta hannun hukumomi uku yake bi, FRSC da VIO da hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, ana haɗa shi da lambar NIN, kuma na shekara 3 ne ko 5. Ranar ƙarewarsa na rubuce a fuskar katin. A fara neman sabuntawa tun da sauran makonni, don katin dindindin kan ɗauki lokaci, kuma na wucin gadi da ake bayarwa bayan ɗaukar hoto kwana 60 ne wa'adinsa.