Gandun Dajin Yankari

Yankari gandun namun daji ne da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a ranar 1 ga Disamba 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006.

Ruwa ne ya riƙe dajin nan. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, kuma ba ya ƙafewa duk tsananin rani. Shi ya sa daga Janairu zuwa Afrilu, in ciyawa ta bushe, tafkunan daji suka ƙafe, dabbobi kan gangaro fadamar kogin: giwaye, ɓauna, gwanki, kanki, ga dorina da kada a cikin ruwa. Wanda ya je da damina zai sha kallon koren daji, amma duhuwa za ta ɓoye masa yawancinsu. Akwai zakuna kaɗan, ganinsu sai an yi sa'a. Tsuntsaye kuwa sun haura iri 350.

Abin da ya fi jan baƙi shi ne Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke fitowa daga gindin wani dutse ta malala zuwa Gaji. Ɗuminta digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Ruwan garai-garai yake, mai wanka na hango yatsun ƙafarsa a kan farin yashi. Da asubar hunturu har tururi ke tashi a kansa.

Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe, a ratse a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, sannan a nausa cikin daji zuwa masaukin Wikki. Ba a fita kallon dabbobi sai da jagora. A masaukin, gadu kan durƙusa yana kiwo a bakin ɗakuna, gwaggon biri kuwa ya saba da mutane har yana fizge ledar abinci daga hannu, don haka ake gargaɗin baƙi su riƙa rufe ƙofa.

Garken giwayen Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, kuma abin a tsaya masa ne da gaske. Masu farautar haure sun yi masa illa, makiyaya na shigar da shanu, giwayen kuma kan fita su tattake gonakin ƙauyukan da ke kewaye, manomi ya wayi gari ba dawa ba masara. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar don tafiyar da sintirin masu gadin dajin.