Judo, Karate Ko Taikwando: Wanne Mace Za Ta Koya Don Kare Kanta?

Na yi shekaru ina zuwa horon judo a nan Garwa, kuma tun da mata suka gano haka, ba na zuwa biki ko suna in dawo ba a tare ni da tambaya ba. Wata 'yarta ce za ta tafi jami'ar Ngaundere ta kama ɗaki a Dang. Wata ita ce ke tashi daga kasuwa bayan magariba ta hau moto ita kaɗai. Wata kuma ba ta faɗin dalili, ni ma ba na tona ta. Ga tambayoyin da suka fi yawa, da abin da nake ce musu.

Anti, ba tare da dogon zance ba, wanne ya fi?

In dole sai na kama suna ɗaya, judo zan ce. Amma kafin ki biya ko sisi, je ki zauna ki kalli darasi guda. Idan ɗalibai sun yi sahu suna ta naushin iska tun daga farko har a tashi, babu wanda ya taɓa wani, motsa jiki ne mai kyau, sai dai ba shi zai fisshe ki ba ranar da ƙato ya damƙe miki wuyan hannu. Idan kuwa kin ga mutum biyu sun riƙe juna, wannan na neman kayar da wancan da gaske, wancan yana turjewa, to kin zo wurin. Jiki ba ya tuna abin da aka gaya masa a lokacin firgici, abin da ya saba yi da wanda ke gardama da shi kaɗai yake tunawa.

To me ya sa judo?

Saboda yadda ake kai wa mace hari. Mugu ba safai yake tsayawa nesa ya dunƙule hannu kamar ɗan dambe ba. Kamu yake yi: hannu, wuyan riga, hijabi, ya ja, ya tura ki jikin bango ko ya kai ki ƙasa. Ita kuwa judo daga kamu take farawa. Jigoro Kano, wanda ya kafa ta a Tokyo a 1882, mutum ne mai ƙaramin jiki, kuma ya gina ta ne a kan gusar da tsayuwar abokin karawa kafin a kayar da shi, ba a kan ƙarfin damtse ba. Wadda ta saba a riƙe mata riga ana fizga sau ɗari a mako ba ta sandarewa idan an riƙe ta a lungu.

Abu na farko da za a koya miki shi ne faɗuwa, yadda za ki kai ƙasa ba tare da kanki ya bugu ko hannu ya karye ba. Makonni za ki yi a kai har ki gaji. Kada ki raina shi, a garin da kowa ke hawan moto wannan kaɗai ya biya kuɗin makaranta. Daga nan sai kokawar ƙasa, inda za a danne ki ki nemi hanyar zamewa. Wannan darasin ne ya fi ba mata tsoro, ni ma ranar farko ji na yi numfashina zai ɗauke, kuma shi ne wanda ba na so mace ta rasa.

Inda judo ta gaza: ba a naushi a cikinta, don haka ba ta koya miki kare fuska daga mari ko duka. Wadda ta samu hali ta ƙara da watanni kaɗan na damben zamani ta cike wannan giɓin.

Kusa da gidanmu karate da taikwando kawai ake yi. In haƙura?

A'a, kada ki haƙura. Horon da ke kusa, wanda za ki iya zuwa sau biyu a mako, ya fi wanda ke ƙarshen gari da za ki je sau uku ki bari. Karate da taikwando, har da nanbudo, wani salon faɗa mai kama da karate da ke da mabiya a Kamaru, suna koyar da kiyaye tazara, saurin ƙafa, da ɗaga murya ba tare da jin kunya ba. Ki dai tambayi metir, wato malamin horon, ko ana karawa tsakanin ɗalibai, ko kuwa tsararren motsi kawai ake haddacewa. Sannan ki san cewa shurin taikwando da ke kaiwa har kai, mai ban sha'awa a gasa, ba zai yiwu ba kina ɗaure da zani, ƙafarki cikin silifa, a kan yashi. Shuri a gwiwa ko ƙauri ya fi miki amfani.

Wanda muke gani a Facebook fa, jujitsun Brazil da krav maga?

Tun da Francis Ngannou, ɗan Kamaru, ya ci kambun UFC, gasar faɗan da ke haɗa dambe da kokawa, a 2021, kowane saurayi a ƙasar nan ya zama masanin faɗa. Jujitsun Brazil 'yar uwar judo ce, ta fi ba da ƙarfi a kokawar ƙasa, kuma ta yi suna ne a 1993 lokacin da Royce Gracie ya riƙa kayar da waɗanda suka fi shi nauyi. In akwai malaminta na gaske kusa da ke, shiga. Krav maga, wadda aka tsara wa sojojin Isra'ila, ingancinta ya dogara ga mai koyarwa. Duk wanda ya ce zai koya miki ƙwace wuƙa daga hannun ɓarawo cikin kwana biyu, ki ɗauki jakarki ki fita. Kuma ba a koyon ko ɗaya daga bidiyo.

Ni mai hijabi ce, kuma ba zan yarda namiji ya riƙe ni ba.

Da gaskiyarki, kuma wannan ba ya rufe ƙofa. Feryal Abdelaziz ta Masar da kanta a rufe ta ci zinare a karate a gasar Olamfik ta Tokyo. Hedaya Malak, ita ma 'yar Masar, ta ci tagulla a taikwando sau biyu, a Rio da Tokyo. Nan maƙwabta ma, 'yar judo ce, Carine Ngarlemdana, ta riƙe tutar Chadi a Landan a 2012.

Maganar cuɗanya da maza kuwa, ku haɗu ku shida ko takwas, 'yan unguwa ɗaya ko 'yan Islamiyya ɗaya, ku nemi a ware muku sa'a, mace mai ɗamara babba, wato wadda ta ƙware, ta jagorance ku. Maigida ko baba da ke ɗari-ɗari, a gayyace shi ya zo ya gani da idonsa, ya fi a tsaya gardama a gida. A wurin horo a sa ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai, ba allura ba fil. Wani lokaci kuma ki gwada abin da kika koya cikin kayan da kike fita da su, zani ko abaya ko lafaya, don ba da kimono, rigar horo, za a tare ki ba.

Tsakani da Allah, zan iya kayar da namiji?

Wani sa'in e, sau da yawa a'a, kuma ba shi muke nema ba. Nauyi da ƙarfi gaskiya ne, shi ya sa ake raba gasa aji-aji. Abin da kike nema shi ne daƙiƙa biyar: ki ƙwace, ki yi ihu, ki ruga inda mutane suke. In jaka ko waya yake so, miƙa masa.

Shekara nawa kafin ya amfane ni?

Judo na son haƙuri, ki ba ta shekara guda kina zuwa a kai a kai. Amma akwai abin da ake koya cikin sa'o'i, kuma an auna amfaninsa. A 2015 an wallafa binciken da Charlene Senn ta jagoranta a jami'o'i uku na Kanada: ɗalibai mata da suka yi horon sa'a 12 kacal, kashi 5.2 cikin ɗari aka yi wa fyaɗe cikin shekara guda, waɗanda ba su yi ba kuwa kashi 9.8. Yawancin sa'o'in nan ba duka aka koya a cikinsu ba. An koya musu gane haɗari da wuri, da daina jin nauyin mutum don kawai an san shi.

Wurin nan ne tarbiyyarmu ke ba mu wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi, kuma galibi daga miji ko wanda take tare da shi, ba baƙon da ke cikin duhu ba. An rene mu da kunya da kawaici, kada a ɗaga wa babba murya, kada a tara jama'a. Yarinyar da ta iya kayar da mutum amma ta kasa ce wa malaminta ko abokin yayanta “Sake ni!” da ƙarfi, horonta bai cika ba. Ki koyi wannan kalmar kamar yadda kike koyon faɗuwa, da babbar murya, har maƙwabta su leƙo. Wadda kuma abin ya riga ya same ta ba ta iya yin komai ba, laifin ba nata ba ne.

In na ji masa ciwo, jandarma za su kama ni?

Dokar hukunta laifuka ta Kamaru, sashe na 84, ta amince da kare kai, da sharaɗin harin yana faruwa a lokacin kuma martanin bai zarce shi ba. Da zarar kin kuɓuta, kada ki koma ramuwa. Je asibiti a rubuta raunin da ke jikinki, sannan ki kai ƙara.

Ta yaya zan gane malamin kirki?

Yana barin iyaye su zauna su kalla. Akwai katifar horo a ƙasa, ba siminti ba. Ba ya haɗa sabuwar zuwa da ƙato don ya nuna bajinta, ba ya kiran yarinya “darasi na musamman” ita kaɗai, kuma in kin buga hannu alamar a sake ki, nan take ake saki. Ki duba ko akwai matan da suka daɗe a wurin, ki ja ɗaya gefe bayan an tashi ki tambaye ta me ya sa ta zauna, kuma su wa suka bar zuwa.