Babur ɗin Softail yana da shokazoba a baya

Mutane da dama in sun ga Harley-Davidson Softail sai su ce ƙafarsa ta baya a ɗaure take kai tsaye da firam, kamar baburan zamanin da. Ba haka ba ne. Shokazoban yana nan, ɓoye shi aka yi da gangan.

Manyan baburan Harley sun samu shokazoba a baya tun 1958, da fitowar samfurin Duo-Glide. Amma masu sha'awar tsohon fasali sun ci gaba da kewar miƙaƙƙen layin firam ɗin da. Wani injiniya, Bill Davis, ya ƙera firam mai wannan kama amma da shokazoba a ɓoye, kamfanin Harley ya sayi ƙirar, FXST Softail ya fito a 1984 da injin Evolution mai cc 1,340. Ƙarfen da ke riƙe da tayar baya mai kusurwa uku ne, yana lilo, shokazoba biyu kuma suna kwance ƙarƙashin giyabos. In taya ta hau tudu, miƙewa suke yi, saɓanin na sauran babura da ke matsewa.

A 2018 aka sake firam ɗin gaba ɗaya, aka koma shokazoba ɗaya a ƙarƙashin kujera.

Inda ake ɓata babur ɗin shi ne wajen saukar da bayansa don ado. Tazarar motsin tayar dama kaɗan ce, in aka rage ta sai babur ya riƙa dukan ƙasa a rami, matakan ƙafa su goge kwalta a kwana.