Munsharin nan ba barci ba ne

A wurin casu ko bikin kiɗa, idan wani ya sha ƙwaya ya zube yana munshari, sai ka ji ana cewa a ƙyale shi barci zai wartsake shi, ko a kwara masa ruwan sanyi, ko a ɗura masa madara. Tsohon kuskure ne, kuma yana cin rayuka.

Tiramadol, kodin, hiroyin da fentanil duk suna danne sashen ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da numfashi, sai ya riƙa ja baya har ya tsaya. Munsharin da ake ji sau da yawa kakarin wanda iska ke yanke wa ne. Ɗaga fatar idonsa: ƙwayar idon ta tsuke kamar kan allura, leɓɓa sun yi shuɗi, an girgiza shi bai motsa ba. Ruwa ba ya dawo da numfashi, madara kuwa tana iya faɗawa huhu.

A kira motar asibiti nan take. Idan akwai naloksan, maganin da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi, a fesa masa a hanci, yakan yi aiki cikin minti 2 zuwa 3. Amma ƙarfin naloksan na gushewa cikin minti 30 zuwa 90, numfashin na iya sake ja baya, don haka ko mutumin ya farfaɗo, a kwantar da shi ta gefe, a zauna da shi har ma'aikatan lafiya su iso.