Rage harajin kamfanoni: wa ke cin moriyarsa a Maraɗi?

A dokar haraji ta Nijar, kamfani na biyan kashi 30 cikin ɗari na ribarsa. Riba fa, ba ciniki ba: sai an fidda kuɗin kaya, albashi, haya da wuta, sannan a yanka a kan abin da ya saura. Ƙa'idar 2008 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta ce harajin ya tsaya tsakanin kashi 25 da 30.

A ce kamfanin tatsar man gyaɗa ya ci ribar sefa miliyan 10. Miliyan 3 na gwamnati ne. In aka sauko zuwa 25, zai samu sauƙin jaka 500, wato sefa 500,000. Masu son ragin sun ce da ita zai ƙaro inji, ma'aikaci ya cika jarkoki fiye da da a yini guda, albashinsa ya ɗaga, mai ya yi sauƙi a kasuwa. Hakan na iya faruwa, sai dai doka ba ta tilasta wa mai kamfani sayen inji ba. In ya ga dama ya sai fili, ko ya canza mota.

Amurka ta gwada a 2017, daga kashi 35 zuwa 21. Zuba jari ya ƙaru, amma ƙarin albashin bai kai ko kusa da dalar Amurka 4,000 a shekara da aka yi wa kowane gida alkawari ba, harajin kamfanoni da ke shiga baitulmali kuma ya faɗi sosai a 2018.

Nan Maraɗi lissafin ya fi haka tsauri. Galibin masu shaguna, teloli da masu walda ba su cikin wannan tsari. Lanhon dunƙule na ƙananan 'yan kasuwa suke biya, in ma suna da rajista. Ragin ba zai iso gare su ba. Wanda ya sai injin ma, sai da wuta zai juya: kowa ya tuna watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke mana lantarki, aka koma ga gasuwal.

Shi ya sa na fi gamsuwa da hanyar dokar zuba jari ta 2014, wadda ke ɗaure rangwame da sharaɗi: ka kafa masana'anta, ka ɗauki ma'aikata, sannan a sauƙaƙa maka. Ragin bai-ɗaya kuwa har wanda bai ɗauki ko mai gadi ba zai samu, alhali jaka 500 ɗin daga asusun da ake biyan malaman makaranta da gyaran hanyar Ɗan Isa aka cire ta.