Waiwaye: Randunan Sawo, daga bakin kaka zuwa ɗakin awo

Wanda ya taso a Kusiri ta arewacin Kamaru, ko ya saba ƙetare gadar Ngeli zuwa Injamena, da wuya a ce bai taɓa jin labarin Sawo, mutanen dā na yankin Tafkin Cadi, ba. Tsofaffin ƙabilar Kotoko da ke yankin suna cewa samudawa ne: mutum ɗaya ya saɓa giwa a kafaɗa, bakansa kuwa gangar giginya ce sukutum. Idan ruwa ya zaizaye tudu a Gulfe ko Makari, wata ƙatuwar randa ta leƙo, sai a ce ai ƙoƙon shan ruwansu ne. Yau ma ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Cadi sunansu take amsawa.

Kafin Turawa, malamai sun riga sun sa su a takarda. Kundin sunayen sarakunan Kanem da Barno ya ce a ƙarni na 14 Sawo sun kashe sarakuna huɗu a jere. Daga baya Ahmad Ibn Furtu, limamin Mai Idris Aloma, ya rubuta yaƙe-yaƙen ubangidansa a wajajen 1576, ya bayyana yadda aka sare musu itatuwa aka lalata musu amfanin gona har suka karaya. A rubutun liman babu samudawa. Mutane ne masu garuruwa da ganuwa, abokan gāba, kuma mai ba da labarin yana ɓangaren wanda ya ci yaƙi. Wannan kaɗai ya isa a karanta shi da hattara.

Masu tonon kufai sun iso a shekarun 1930. Bafaranshe Marcel Griaule ya tattara tatsuniyoyin, abokin aikinsa Jean-Paul Lebeuf ya fara haƙa a 1936, ya ci gaba shekaru da dama tare da matarsa Annie. Abin da ake yawan mantawa shi ne, babu na'urar da ta nuna musu inda za su sa magirbi. Mutanen gari ne suka kai su, suna cewa ga tudun Sawo can. Da aka buɗe randunan sai aka tarar kaburbura ne: an naɗe mamaci an sa a ɗaya, an kifa wata a kai. Ƙasusuwan kuwa na mutane ne kamar ni da kai. An kuma samu 'yan gumakan yumɓu da kayan adon tagulla. To labarin kaka ya yi kuskuren tsayi, amma bai ɓata hanya ba.

Sai dai tono bai faɗi shekaru ba. A wancan zamani masana da yawa a Turai na ganin duk wani abin gwaninta da aka samu a ƙasar baƙar fata, to baƙi ne suka kawo shi daga gabas ko arewa. Ra'ayin ya daɗe. Tun a ƙarni na 19 masanin falsafa Hegel ya cire Afirka daga tarihin duniya. Mu ma, a faɗi gaskiya, muna da namu son a ce daga Bagadaza ko Yaman muka fito.

Abin da ya sauya gardamar daga ɗakin awo ya zo, a Cikago. A ƙarshen shekarun 1940 Willard Libby ya gano cewa kowane mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa bayan mutuwa, rabinsa na tafiya cikin kusan shekara 5,730. Ke nan guntun gawayi daga murhun da ya mutu tuntuni zai iya faɗin shekarunsa. Da aka auna na tudun Mdaga, kusa da Injamena, sai ya nuna mutane na zaune a wurin tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka yi ta gini kan gini har kusan ƙarni na 19. Graham Connah ya samu irin wannan dogon zama a Daima ta ƙasar Barno a shekarun 1960, haka ma Augustin Holl, ɗan Kamaru, a Huluf daga shekarun 1980. Tudun nan shara ce da rusasshen gini na zuriya bayan zuriya, a fadamar da ruwa ke mamayewa kowace damina.

Amma gawayi ba ya faɗin sunan wanda ya hura wutar, balle harshensa. Nan masu nazarin harsuna suka shigo. Joseph Greenberg ya haɗa Kotoko da Musgum da Masa da Mafa da Hausa a dangi guda mai suna Cadi, sunan tafkin. Bahaushen da ke sayar da goro a kasuwar Kusiri da Bakotokon da ke kawo kifi, harsunansu tushe ɗaya ne, ko da ba sa jin juna. Masana da dama yanzu na ganin "Sawo" ba ƙabila ɗaya ba ce, suna ne da Barebari suka yafa wa al'ummomin da suka tarar a kudu da yammacin tafki. Wannan hukunci ba awo ya yanke shi ba. An cim masa ne ta gwama rubutun Ibn Furtu da maganar tsofaffi da fasassun tukwane.

A Gawi, ƙauyen Kotoko da ke gab da Injamena, an mayar da tsohuwar fadar sarki gidan adana kayan tarihi, randunan na ajiye a ciki. A waje kuma matan garin na nan suna ginin tukwane da hannu, suna gasawa, suna kaiwa kasuwa.