Boris mai layi biyu: yaushe ya kamata a yi odar na musamman?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin casar shinkafa ko babban famfon masana'anta, ya ji ƙarar ta sauya daga gunjin da aka saba zuwa wani gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, ya san maganar da za ta biyo baya: "Oga, boris ya tafi." Wani boris ɗin bai fi tafin hannu ba, amma in ya tsaya sai ka ga ma'aikata sun koma gindin bishiya suna fifita. Ga tambayoyin da masu injina da makanikai suka fi yi a kan mai layi biyu, musamman wanda ake ƙera wa inji guda shi kaɗai.

Mene ne boris mai layi biyu, kuma me ya raba shi da wanda muka saba gani?

Ɗauki boris ɗin injin niƙa ka goge giris ɗinsa. Za ka ga zoben waje, zoben ciki da ke kama shaf, 'ya'yan ƙarfe suna gangarawa a kwari tsakaninsu, da keji mai hana su gogar juna. Wannan shi ne mai layi ɗaya. Mai layi biyu kuwa jeri biyu na 'ya'ya ke gare shi gefe da gefe, cikin zobe ɗaya mai faɗi. Amfanin kamar na mai dako ne da ya ware ƙafafu kafin a ɗora masa buhu: ko an ture shi ta gefe ba ya tangaɗi.

Iri uku aka fi sani. Akwai mai zurfin kwari, lambarsa kan fara da 42 ko 43, aikinsa ɗaukar nauyin da ke danne shaf. Akwai wanda 'ya'yansa ke taɓa zobe a karkace, yawanci digiri 30, mai lamba 32 ko 33 (a Amurka 52 da 53), shi ne gwanin tare turi ta gaba da ta baya, shi ya sa yake cikin famfuna da kwamfireso da ƙafafun motoci da yawa. Na uku shi ne mai daidaita kansa, 12, 13, 22 ko 23, wanda cikin zobensa na waje a kwarkwashe yake kamar cikin ƙwarya, don haka ko shaf ya kauce da digiri ɗaya da rabi zuwa uku, yana bin sa ba gardama.

Layi biyu ke nan ƙarfi ninki biyu?

A'a. Bisa lissafin ISO 281, ƙa'idar duniya ta auna ƙarfin boris, layi biyu na ba da kimanin ninki 1.6 ne na ƙarfin layi ɗaya, domin ba yadda za a yi nauyi ya rabu tsakanin layukan daidai wa daida. Amma kada ka raina wannan ƙarin, saboda yadda nauyi ke cin rayuwar boris ba sannu-sannu ba ne.

Kowane boris yana da adadin ƙarfi da kamfani ya rubuta masa. Ana raba wannan adadi da nauyin da aka ɗora masa, a ninka sakamakon da kansa sau uku, abin da ya fito shi ne miliyoyin juyin da kashi 90 cikin 100 na irinsa za su kai. Misali, in ƙarfinsa ya ninka nauyin sau goma, juyi miliyan 1,000 ke nan. A kan moto mai juyi 1,450 a minti, ya kama awa 11,500, kusan wata 16 ba dare ba rana. To ka ninka nauyin sau biyu kawai, ko ta hanyar ɗaure bel tamau, ko cusa wa inji kaya fiye da kima. Rayuwar ba rabi za ta koma ba, kashi ɗaya cikin takwas za ta koma, wato wata biyu. Mai cewa "ƙara ja bel ɗin kada ya zame" bai san kuɗin wa yake kashewa ba.

Wa ya fara ƙirƙiro shi?

Mai daidaita kansa dai asalinsa matsalar masaƙa ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Sven Wingquist, yana kula da injinan wata masaƙa a birnin Gothenburg. An gina ta a kan ƙasar yumɓu, gini na ɗan nitsewa, dogayen shaf-shaf da ke juya injina suna kaucewa, boris na ta ƙonewa. Maimakon ya ci gaba da canji, sai ya zana boris mai layi biyu da zai lamunci kaucewar. A 1907 ya yi masa rajista, a shekarar kuma aka kafa kamfanin SKF. Daga cikin wannan kamfani ne motar Volvo ta fito a 1927, sunan ma da Latin "ina gangarawa" yake nufi, kuma da farko don boris aka yi rajistarsa.

Abin lura a labarin shi ne, mutumin sai da ya gano abin da ke kashe boris ɗinsa tukuna ya zana sabo.

Lambobin da ke jikinsa fa, me suke faɗa?

Ɗauki 3205. Lambobi biyu na ƙarshe, in ka ninka su sau biyar, su ne faɗin ramin ciki: milimita 25. Wannan doka tana aiki daga 04 zuwa sama. 00 milimita 10 ne, 01 12, 02 15, 03 kuma 17. Shi 3205 faɗinsa na waje milimita 52 ne, kaurinsa 20.6. In da za ka jera masu layi ɗaya guda biyu na wannan girma, milimita 30 za su ci. Ka ga inda wuri ya yi ƙaranci, mai layi biyu ya fi.

Haruffan da ke biye da lambar ma ba ado ba ne. 2RS murfin roba ne gefe biyu, ZZ ko 2Z murfin ƙarfe, K rami mai tsukewa, M kejin tagulla, C3 kuma tazarar ciki mai ɗan yawa. Sau da yawa yaro kan je kasuwa da lambar kawai, ya bar haruffan a shago, ya dawo da abin da ya shiga ramin amma ba shi ba ne.

Tunda akwai dubban iri a kasuwa, me zai sa mutum ya yi odar na musamman?

A ganina, injina tara cikin goma ba su buƙatarsa, wannan kuwa ƙiyasin ido ne na wanda ya daɗe yana kallon aikin. Girman boris na kasuwa a daidaice yake a duniya, ko SKF ne, ko FAG na Jamus, ko NSK da NTN na Japan. Wannan ni'ima ce babba, kada a yar da ita da wasa: yau ya lalace, yau ka samu wani.

Amma akwai inda dole ta sa. Na farko tsohon inji. Wanda ya san masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano ya san akwai injinan da suka girmi masu kula da su, wasu da awon inci aka yi su, kamfanin da ya ƙera su ma ya rufe. Inji lafiyayye, boris guda ne ya gagara. Na biyu sabon inji da mai zana shi ke son haɗa abubuwa uku su zama ɗaya: zoben waje ya zo da leɓe mai ramukan noti, ko da kwarin bel, ko da haƙoran giya, ko kuma shaf ɗin kansa ya zama zoben ciki, kamar yadda ake yi wa famfon ruwan mota. Na uku wurin aiki mai tsanani: bakin tanderu, cikin ruwan gishiri ko sinadari, injin abinci da ake wankewa kullum, ko gudun da ya wuce misali.

Kuma a sani, "na musamman" mataki-mataki ne. Sau da yawa boris na kasuwa ne aka canza masa giris ko murfi ko tazara. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan zana sabo tun daga tushe.

Me ake iya canzawa a cikinsa?

Tazarar ciki ita ce kan gaba, kuma ita aka fi jahilta. Sabon boris yana da ɗan wasa tsakanin 'ya'ya da zobe, wanda ake aunawa da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. In an matsa shi a kan shaf, zoben ciki ya ɗan buɗe, wasan ya ragu. Inji ya ɗau zafi, ya ƙara raguwa. In ya ƙare gaba ɗaya, zafi ya haifi matsi, matsi ya haifi zafi, har boris ya cije. Shi ya sa ake da matakan tazara daga ƙarama zuwa babba: C2, da na daidai, da C3, C4, C5. Na sha ganin mai saye ya girgiza C3 a kunne ya ce ya yi sako-sako, a ba shi "mai ƙarfi". Sako-sakon nan da gangan aka yi shi.

Sai ƙarfe. Na yau da kullum shi ne wanda ake kira 52100 a Amurka, 100Cr6 a Turai, mai kimanin kashi 1 cikin 100 na kabon da 1.5 na kuromiyam. Yana da tauri ƙwarai, amma yana tsatsa, kuma in zafi ya zarce digiri 120 ya daɗe, girmansa kan fara sauyawa. Don haka akan gasa shi gashi na daban ya jure 150 ko 200 ko 250. Inda ruwa yake, sai a koma ƙarfe marar tsatsa irin 440C, a haƙura da raguwar ƙarfin ɗaukar kaya. Akwai kuma 'ya'yan tangaran na silikon naitaraid, nauyinsu bai kai rabin na ƙarfe ba, wuta ba ta ratsa su. Suna da amfani a moto mai na'urar sauya gudu, inda wutar da ta ɓace kan bi ta cikin boris ta zana masa layi-layi kamar tsagar fuska.

Keji na iya zama na ƙarfe, na tagulla inda girgiza ta yi yawa, ko na roba mai tauri in zafi bai wuce 120 ba. Murfi kuwa, a ƙasar da hunturu ke cika ko'ina da ƙura, ko a gidan casa da buntu ke tashi, shi ne rabin rayuwar boris.

Boris ɗina yana mutuwa duk bayan wata uku. Na musamman zai raba ni da wannan?

Ba lallai ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Na taɓa zuwa wata masana'anta inda fankar zuƙar ƙura ke cin boris kamar gyaɗa, mai wurin har ya fara maganar yin oda daga waje. Muna tsaye aka kawo sabo. Yaron ya ciro shi daga leda ya ajiye a ƙasa, ya ɗora a bakin shaf, ya ɗauko guduma da guntun bututu ya hau bugun zoben waje. Wani dattijon makanike da ke gefe ya ce, "Kai yaro, ka kashe shi tun bai fara aiki ba." Na ce, "Baba, nuna masa." Ya ɗauko wanda aka cire, ya wanke da kananzir, ya karkata shi ga haske. Ga 'yan lotsattsun tabo a cikin kwarin, a jere, tazararsu daidai da tazarar 'ya'yan. Sawun guduma ne. Duk bugun da aka yi wa zoben waje ta kan 'ya'yan ya bi kafin ya isa na ciki.

Mataccen boris yana ba da labarin ajalinsa in an duba. Launin shuɗi ko ruwan ƙasa zafi ne. Kwari ya dushe kamar an goge da yashi, ƙura ce. Sawun 'ya'ya ya tafi a karkace, shaf ne bai daidaitu ba. Layi ɗaya ya cinye ɗayan na nan garau, turi ya yi yawa ta gefe guda. Giris ma yawansa illa ne; kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin sararin gidan ya isa, in aka cika shi fal sai ya riƙa dafa kansa.

Hanyar sakawa kuwa ita ce a ɗumama shi a mai mai tsabta ko na'urar ɗumamawa zuwa wajen digiri 110, kada a haura 120, sai ya zame kan shaf da kansa. Ban da wutar walda.

Mai aikin tana ba zai iya fere mini ɗaya ba?

Zai iya yi maka gida ko hannun riga da zai sa boris na kasuwa ya zauna a tsohon inji, kuma sau da yawa wannan ce mafita mafi araha. Amma boris ɗin kansa a'a. Gashi da washi da gogen da ake yi wa kwarinsa da maikuron ake auna su, ba aikin injin tana ba ne.

In na yanke shawarar yin oda, me zan tanada?

Awo kaɗai ba ya isa. Kamfanin kirki zai tambaye ka nauyin da ke kan shaf da ta ina yake zuwa, juyi nawa a minti, zafin wurin, ƙura ce ko ruwa ko sinadari, awa nawa inji ke yi a rana, da awon shaf da na gida na gaskiya, ba wanda ke cikin tsohon littafi ba. Aika musu da mataccen ba tare da ka wanke shi ba. Wanda ya ce maka turo awo kawai, gobe ya ba ka farashi, ɗan kasuwa ne, ba injiniya ba. Kafin su fara, su ba ka zane ka sa hannu, kuma ka nemi samfuri ka gwada.

Ka shirya wa abu uku: kuɗin kayan aikin da za su ƙera dominka, mafi ƙarancin adadin da za su yarda su yi, da jira na makonni ko watanni. Saboda jiran nan, kada ka yi odar guda ɗaya tak. Na ajiya kuma a bar su cikin ledarsu, a kwance, a busasshen wuri nesa da injin da ke girgiza, domin girgiza kan yi wa boris tabo ko yana zaune. Ka rubuta lambar zanen a jikin injin da fenti, ka ajiye kwafi a ofis, saboda ranar da za a sake nema wataƙila makaniken da ya san zancen ya bar aiki.